Fitowar rana ko faɗuwarta: wanne ya fi dacewa da mai ɗaukar hoto a ƙasar Hausa?

Duk wanda yake son ɗaukar hoton sama lokacin da ta yi ja a kan duwatsu, gonaki ko ruwa, dama biyu kawai yake da su a yini, kuma mai aiki ko ɗalibi ba kasafai yake samun dukansu ba, saboda haka tilas ya zaɓi wadda zai ba ƙarfinsa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa fitowar rana da faɗuwarta abu ɗaya ne da aka juya, wato abin da aka gani da safe a gabas shi za a gani da yamma a yamma. Ta fuskar lissafin tafiyar rana haka ne, amma iskar da hasken yake ratsawa, da yanayin gizagizai, da halin ruwa, da zirga-zirgar jama'a, har ma da lokutan salla, duk sun bambanta tsakanin safiya da maraice, kuma a wannan bambancin ne ake gane wanda ya fi.

Sanin dalilin jan yana rage ɓata lokaci. Hasken rana fari ne da ya ƙunshi launuka da yawa, kuma ƙananan ƙwayoyin iska sun fi warwatsa shuɗi a kan ja, kamar yadda masanin Ingila Lord Rayleigh ya yi bayani a 1871. Idan rana tana tsaka, tazarar da haskenta yake ratsawa cikin iska kaɗan ce. Idan kuwa ta sauko gab da inda sama ta haɗu da ƙasa, iskar da yake ratsawa ta kai kusan ninki 38 na ta tsakar rana, sai shuɗin ya zube a hanya, ja da ruwan lemo su iso. Sai dai wannan jan hasken yana bukatar abin da zai sauka a kansa kafin a gan shi ya cika sama, kuma abin nan shi ne girgije mai nisa, irin siraran gizagizan da suke sama da kilomita 6, ko kuma na tsakiya masu kama da curi-curi. Girgijen da ya sauko ƙasa ya yi kauri rufe hasken yake yi. Sama fes ba girgije kuma launi ɗan kaɗan take bayarwa a gindinta, sauran duk fayau. Sharaɗi na biyu shi ne a sami kafa a wajen da ranar take, ta yadda haskenta zai kutso ya haska gizagizan daga ƙasansu.

A nan ne kuskuren da ya fi yawa yake, wato zaton cewa ƙura ce take kawo jan sama, har wasu su riƙa jiran hunturu don su fita ɗaukar hoto. Ƙurar hunturu, wadda iskar arewa maso gabas take kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke Chadi, ƙwayoyinta manya ne, kuma manyan ƙwayoyi suna warwatsa dukan launuka kusan daidai wa daida, shi ya sa sama take yin fari-fari ko toka-toka maimakon ja. A ranar da hazo ya yi kauri a Kano ko Damagaram, rana takan ɓace cikin ƙura tun tana da sauran tafiya kafin ta taɓa ƙasa, ba tare da ta bar wani launi a baya ba. Ƙwayoyin da suke ƙara wa sama ja su ne ƙanana ƙwarai da suka hau can ƙololuwa, irin waɗanda aman wutar dutsen Pinatubo na Filifin ya watsa a 1991, wanda ya sa aka daɗe ana ganin jan almuru mai ƙarfi a sassan duniya. Tamu ƙurar a ƙasa-ƙasa take, kuma dusashe launi take yi.

Idan an fahimci wannan, za a ga dalilin da ya sa safiya take da rinjaye ta fuskar tsabtar launi. Da dare iska takan kwanta, ƙurar da motoci da babura da dabbobi suka tayar da rana takan sauka, raɓa kuma ta danne ta, saboda haka hasken farko yana ratsa iskar da ta fi ta yamma tsabta. Ruwa ma haka yake: madatsar ruwa irin ta Tiga ko tafkin bayan gari sun fi kwanciya lumui da sassafe, ta yadda sama za ta fito a cikinsu sak, kuma hoton da launi ya cika samansa da ƙasansa ya fi wanda rabinsa baƙi ne. Da yamma kuwa ƙasa ta sha zafi tun hantsi, iska tana kaɗawa, fuskar ruwa ta yamutse, sannan turirin zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa abin da ke nesa ya riƙa rawa, abin da mai amfani da gilashin jawo nesa zai gani ƙarara a hotonsa. Akwai kuma farin hazon sanyi da yake kwanciya a fadamu da kwaruruka bayan daren da aka yi ruwa, musamman a tsaunukan Jos, inda tudun ya kai kimanin mita 1,200, kuma wannan hazon da safe kaɗai ake samunsa. Da rana ta ɗan ɗaga ya watse.

Wannan fifikon yana da iyaka a cikin manyan birane. A lokacin sanyi, iskar da ke ƙasa takan fi ta samanta sanyi da asuba, sai hayaƙin girki da na ƙona shara da na injinan wuta ya kasa tashi, ya shimfiɗu a kan gari. Wanda ya hau Dutsen Dala da safiyar Janairu zai iya tarar da birnin Kano a lulluɓe da wannan hayaƙin. Wani lokaci yana yin kyau idan hasumiyoyin masallatai da kawunan itatuwa suka ɓullo ta cikinsa, amma ba shi ne tsabtataccen launin da ake nema ba.

Babbar fa'idar yamma ita ce mutum yana ganin abin da ke tafe. Tun daga La'asar zai iya ɗaga kai ya duba ko akwai gizagizai masu nisa, ya duba ko yamma a buɗe take, sannan ya yanke shawarar fita ko zama. Yana isa wurin da haske, ya zaga, ya zaɓi itacen kuka ko dutsen da zai sa a gaba, ya daidaita kyamararsa a natse, haske kuma yana raguwa a gabansa sannu a hankali yana gyara saitinsa. Mai fita da asuba bai da wannan gatan. Yakan bar gida cikin duhu bai san abin da sama za ta yi ba, in ban da abin da taurari suka nuna masa na buɗewa ko rufewarta, kuma idan bai riga ya je wurin da rana ya zaɓi matsayinsa ba, launi zai zo ya wuce yana ta neman inda zai tsaya. Saboda wannan kaɗai, mai koyo ya fi samun ci gaba da yamma, domin yana gwadawa sau da yawa, kuma yana ganin sakamakon kowane gyara nan take.

Lokacin da ake da shi gajere ne ko da safe ko da yamma, kuma ya fi gajarta a nan fiye da yadda littattafan koyon hoto na Turai suke nunawa. Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka rana tana faɗuwa kusan a miƙe, ba a karkace ba. Daga taɓa ƙasa zuwa ɓacewarta minti biyu ne da ɗan kai, kuma daga faɗuwarta zuwa lokacin da ta nutse digiri 6, inda haske mai amfani yake ƙarewa, minti 21 zuwa 24 ne kawai, alhali a Landan a watan Yuni wannan tazarar takan wuce minti 45. Launi mafi ƙarfi kuma ba lokacin da ake ganin ƙwallon rana yake zuwa ba, sai bayan ta ɓace da kamar minti 10 zuwa 15, sa'ad da haskenta yake bugun gizagizai masu nisa daga ƙasa. Da safe kuma kafin ta ɓullo da kwatankwacin haka. Da yawa sukan tattara kayansu da zarar rana ta nutse, su juya baya daidai lokacin da sama za ta kama.

Ga Musulmi, wannan lissafin yana cin karo da Magariba kai tsaye, domin kiran salla yana zuwa ne da faɗuwar rana, kuma a mazhabar Malikiyya da aka fi bi a nan zaɓaɓɓen lokacin Magariba ba shi da yalwa. Wato mintunan da jan shafaƙi ya fi kyau su ne mintunan da ake tsaye a sahu. Wanda ya fita daji zai iya zuwa da alwalarsa ya yi salla a wurin, ko ya sa kyamara ta riƙa ɗauka da kanta bayan kowane daƙiƙa kaɗan idan tana da wannan tsarin, amma duk dabara ce ta rage asara. Safiya ba ta da wannan matsalar ko kaɗan. Alfijir yana ketowa fiye da awa ɗaya kafin fitowar rana, saboda haka mutum zai yi sallar Asuba cikin jam'i, ya ɗauki jakarsa, ya isa wurin da bai wuce tafiyar minti 20 ba, kuma ya tarar launi bai fara ba. A ganina wannan hujja ce mai nauyi da ta isa ta karkatar da mutane da yawa zuwa safiya, balle a watan azumi, inda faɗuwar rana take daidai da shan ruwa, sahur kuma ya riga ya tashe mutum.

Duk da haka, lokacin shekara ya fi sa'ar yini tasiri, kuma shi ne yake sauya amsar. A damina, hadari a yankinmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, kuma ya fi haɗuwa daga La'asar zuwa dare. Wannan yana da sakamako iri biyu. Idan an yi ruwa da dare hadarin ya wuce yamma, gabas takan waye a buɗe, ragowar siraran gizagizansa kuma suna shimfiɗe a sama, iska ta wanku tas. Babu yanayin da ya fi wannan ba da jan safiya mai cika sama. Idan kuwa ruwan da La'asar aka yi, hadarin da ya wuce yana zaune ne a yamma daidai inda rana za ta faɗi, ya toshe kafar da ake bukata, sai yammacin ya tafi a banza. Ribar maraicen damina tana zuwa ne a ranar da hadari yake haɗowa a gabas yamma kuma tana fes: a lokacin sai mai hoto ya juya wa rana baya, ya fuskanci tulin girgijen da kansa ya yi ruwan zinariya gindinsa ya yi baƙi ƙirin, wani lokaci har da bakan gizo, wanda kullum yake fitowa a ɓangaren da yake kishiyar inda rana take. Irin wannan hoton yana da kwarjini fiye da duk abin da safiya take bayarwa, amma wanda yake kan dutse ya sauko da zarar ya fara jin tsawa, domin ƙafafun ƙarfe da ake kafa kyamara a kansu ba abin wasa ba ne a kan tudu.

A tsakiyar marka, wato Agusta, girgije mai kauri yakan rufe sama kwana da kwanaki, safe da yamma duk ɗaya. Mafi kyawun lokaci shi ne daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, sa'ad da ruwa ya fara ja da baya, gizagizai suka ragu amma ba su ƙare ba, ƙura ba ta sauko ba, gero da dawa kuma suna tsaye a gona, tafkuna cike. A waɗannan makonnin safiya da yamma duk suna bayarwa, sai dai safiyar ta fi yawan cika alkawari.

Da hunturu kuwa ni yamma nake zaɓa, amma da wata manufa dabam. Tunda sama ba za ta yi ja ba, sai a bar neman launin sama a nemi ƙwallon ranar kanta, wadda hazo matsakaici yake rage wa ƙarfi har ta zama kamar jan faifai a rataye, a sa mata baƙar siffar wani abu a gaba. Kuka ta zubar da ganye a wannan lokacin, rassanta sun fito sarai. Giginya da goruba ma siffarsu ba ta ɓoyuwa. Makiyaya suna koro shanu gida da goshin Magariba, ƙurar kofatansu tana kama haske daga baya, kuma wannan abu ne da safiya ba ta da irinsa, domin da sanyin asuba ba a cika motsi ba. Gawo shi ne akasin kuka, da damina yake tsiraicewa, saboda haka shi ne abokin hoton watan Yuli. A kiyaye da sauya gilashin kyamara a fili cikin hunturu, domin ƙurar da ta shiga ciki za ta riƙa fitowa ɗigo-ɗigo a sararin kowane hoto, kuma a sama mai launi ɗaya ta fi bayyana.

Wani lokaci wurin ne yake yanke hukunci ba mai hoton ba. A Yamai, mafi yawan birnin yana gaɓar hagu ta kogin Kwara, saboda haka wanda ya tsaya a bakin ruwa kusa da gadar Kennedy yana kallon tsallake ne ta wajen yamma, kuma hotonsa na faɗuwar rana ne, da kwale-kwalen masunta a kan ruwa. Mai son fitowarta sai ya haye ɗaya gaɓar. Dutse irin Kufena a Zariya ko Zuma a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna ana iya zaga shi, sai mutum ya zaɓa: ko ya sa dutsen tsakaninsa da rana ya fito baƙi a kan jar sama, ko ya sa rana a bayansa dutsen ya sha jan haske. Ginin ƙasa, kamar hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, ya fi son hanya ta biyu, domin jan haske a kan jar ƙasa yana fito da kowane itace da kowace gurzar hannu a jikin bango. A tuna kuma cewa rana ba ta fitowa a wuri ɗaya duk shekara. A kusa da 20 ga Maris da 23 ga Satumba take fitowa daga gabas sak. A Yuni takan karkata arewa da kimanin digiri 24, har a Kano ta kusa daidaita da alƙibla, a Disamba kuma ta karkata kudu da kwatankwacin haka. Manhajoji irin su PhotoPills da Sun Surveyor suna nuna wannan a kan taswira. Agogon ma yana motsi: a Kano rana tana fitowa wajen ƙarfe 6:00 a farkon Yuni, wajen 6:50 a ƙarshen Janairu, tana kuma faɗuwa wajen 6:00 a Nuwamba, wajen 6:55 a Yuli.

Ta fuskar saitin kyamara bambancin kaɗan ne, kuma matsalar ɗaya ce: sama tana da haske sosai, ƙasa kuma duhu, na'urar ba ta iya ɗaukar duka biyun kamar yadda ido yake yi. Idan an bar ta ta zaɓa da kanta, za ta haskaka ƙasa ta ƙone sama, launin ya koma fari. Maganin shi ne a auna haske daga sama, a rage shi da mataki ɗaya ko fiye, domin duhun ƙasa ana iya ɗaga shi wajen gyara, amma abin da ya ƙone ba ya dawowa. Mai waya sai ya taɓa sama a fuskar wayar, ya ja alamar haske ƙasa har jan ya fito. A cire daidaita launi daga sarrafa kansa a mayar da shi kan hasken rana, wajen 5500K a ma'aunin launin haske, in ba haka ba kyamara za ta ɗauki jan a matsayin aibi ta wanke shi. Mai babbar kyamara ya tsaya a ISO 100 (ma'aunin ƙarfin jin haske na kyamara) da f/8 zuwa f/11 (girman kafar da haske yake shiga), ya ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ya kuma kafa ta a kan ƙafa uku, domin minti goma bayan faɗuwar rana hannu ba ya iya riƙe ta ba rawa. Inda safiya ta bambanta shi ne raɓa, wadda takan hau gilashi a damina ta dusashe hoto ba tare da mutum ya lura ba, saboda haka a riƙe ƙyalle mai laushi a aljihu; sannan haske ƙaruwa yake yi, saitin da ya dace yanzu zai ƙone sama bayan minti uku. Kada kuma a kalli rana kai tsaye ta madubin leƙe da gilashin jawo nesa, ko da ta yi ƙasa.

Sai batun tsaro, wanda ba a iya tsallake shi a halin da ake ciki. Fitar asuba tana nufin tafiya cikin duhu zuwa wuri, fitar yamma kuma tana nufin dawowa cikin duhu daga wuri, kuma ta biyun ce ta fi haɗari idan wurin yana da nisa, domin dare ƙaruwa yake yi a kan mai dawowa, mai sammako kuwa gari wayewa yake yi masa. A kowane hali, a zaɓi wuri kusa da gari, a tafi da abokin tafiya, a gaisa da mai unguwa ko masu gonar tun da rana a faɗi abin da ya kawo mutum, kuma a nemi izini kafin a kafa kyamara kusa da gada ko madatsar ruwa, inda jami'an tsaro suke da dalilin yin tambaya.

Saboda haka, wanda bai daɗe da fara ɗaukar hoto ba, ko wanda yake son mutane da dabbobi da motsi a hotonsa, ko wanda hunturu ne kaɗai lokacin da yake da sarari, ya riƙe yamma, ya kuma shirya yadda zai yi da Magariba tun kafin ya bar gida. Wanda kuwa ya riga ya san kyamararsa, yake neman sama mai cikakken launi a kan ruwa kwantacce ko gona mai raɓa, ya yi amfani da yammacin yau wajen zaɓar wuri da auna inda rana za ta ɓullo, ya jira daren da aka yi ruwa a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ya kasance a tsaye a wurin minti 30 kafin fitowarta.